Tiyon Zarami da Bandar Matan Tudun Gargaza

Mai karatu, ga tambaya ba kwana-kwana: sau nawa ka zauna a taro aka miƙa wahalar jama'a ga mutumin da bai iya komai ba sai ɗaga murya, kai kuma kana gani ka haɗiye maganarka? Ba sai ka amsa yanzu ba. Ji abin da ya faru a Tudun Gargaza tukuna.

Tudun Gargaza ƙauye ne a bakin fadama, tsakanin Baturiya da Haɗeja. A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, arzikin garin kaf a kan kifi yake. Maza su kamo, mata su gyara su banda. Da zarar ruwa ya janye, matan sukan shafe wata uku cikin hayaƙi, idanu jawur, suna juya tarwaɗa da ƙarfasa har kwanduna su cika. Sai a loda wa motar Alhaji Fannami, babbar mota ɗaya tilo a wannan yanki, ta kai tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, inda fataken Kudu ke jira ranar Alhamis. In aka kuskure Alhamis ta ƙarshe kafin ruwan farko, hanyar fadama ta yanke, ƙwari su shiga bandar, wahalar wata uku ta koma gari.

A shekarar da muke magana, saura kwana uku wannan Alhamis, hadari ya fara leƙowa daga gabas kowace yamma, sai motar ta ƙi tashi. Shu'ibu direba, mutum mai ƙarancin magana, ya shiga ƙarƙashinta ya fito da abin da ya lalace a hannu. Tiyon da ke ɗauko man gas daga tanki ya kai wa famfon mai ne ya tsage, iska na shiga. Tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Bakaniken da ya saba duba motar a Haɗeja kuwa ya tafi Kano neman maganin ido. Aka taru a ƙofar gidan Alhaji ana shawara, maza a kan tabarma, mata masu kifin suna tsaye daga gefe. A nan Zarami ya gyara murya.

Zarami ya je yaƙin Bama, can ƙetaren teku, wannan gaskiya ce, kuma ita kaɗai ce gaskiya a duk abin da yake faɗa game da tafiyar. Aikinsa a can shayar da alfadarai ne. Ya dawo da kwat ɗin soja, da tabarau irin na masu babur wanda gilashi ɗaya ya faɗi, da wata ƙatuwar sifana da ba a taɓa samun noti daidai bakinta ba. Da waɗannan kaya uku ya zama Injiniya. A bakinsa ya gyara tankar yaƙi ana ruwan harsashi, ya gyara jirgin ruwa yana cikin nutsewa, wata rana da goro ya yi masa daɗi har jirgin sama ya gyara bai sauko ba. Ya ji ƙishin-ƙishin En'e, hukumar Sarki, na neman wanda zai shugabanci gidan gyaran motocinta, don haka lissafinsa ya riga ya kammala: ya gyara motar Alhaji, ya shiga tasha a gaban dubban mutane, labari ya riga shi isa Haɗeja, a aiko a neme shi. Har ya fara tunanin wanda zai riƙa ɗauke masa sifanar.

Ya karɓi tsagaggen tiyon da yatsa biyu, ya dube shi ta idon tabarau marar gilashi, ya bayyana cewa tun ranar da aka sayo motar ya san wannan abin zai mutu, kawaici ne ya hana shi faɗa. Ya ce gobe zai je Haɗeja da kansa ya zaɓo wanda zai yi shekara ashirin.

Sai Ya Gumsu ta yi magana. Ita ce shugabar matan banda, kuma marigayi mijinta ne direban farko na wannan mota. Ta ce ita ba ta san inji ba, amma ta san abu ɗaya. Mijinta ya taɓa tsiyaye man gas a gugarta ta roba, kwana biyu gugar ta kumbura, ta yi laushi kamar gandar da ta kwana a wuta, ta yage a hannu. Don haka a tambayi mai sayarwa wane tiyo ne mai ba ya ci, a ɗauko shi, a kuma tafi da tsohon don a gwada faɗin baki.

"Ya Gumsu," in ji Zarami, "da a guga ake koyon inji, da kowace rijiya ta yaye bakanike."

Maza suka yi dariya, har wanda bai ji abin da aka ce ba.

"Ɗan Mairam," in ji ta, ta kira shi da sunan uwarsa, "ni dai na ga abin da man ya yi wa roba. Kai me ka gani?"

"Na ga Bama."

Wannan ta kashe magana. Babu wanda ya taɓa zuwa Bama a wurin, don haka babu mai iya musu da ita.

Ran Talata Zarami da Alhaji Fannami suka isa Haɗeja a kan kekuna. Ɗanladi, dattijo mai rumfar kayan mota a bakin tasha, ya karɓi tsohon tiyon, ya juya shi sau ɗaya, ya miƙa hannu ya zaro wani baƙi, siriri, mai tauri, da zare saƙe a cikin namansa. Ya ce shi ne irinsa, faɗin bakinsu ɗaya, kuma man gas ba ya cinsa. Da a nan aka tsaya, da matan Tudun Gargaza sun yi sallah da sababbin zannuwa. Amma cinikin da aka gama cikin ƙiftawar ido ba ya tara jama'a, Zarami kuwa jama'a ya zo nema.

Idonsa ya faɗa kan wani jan tiyo naɗe a ƙusa, mai kauri, mai sheƙi. Uban Zarami majemi ne, kuma ilimi ɗaya da ɗan ya gada shi ne yadda ake zaɓen kirgi: a lanƙwasa, a ja, a ciza, a sansana. Fatar da ta ji jima laushi gare ta, tana miƙewa. Mai tauri kuwa ha'inci ce. Da wannan ma'auni ya auna kayan Ingila. Ya lanƙwasa baƙin ya ƙi, ya ciza haƙorinsa ya amsa. Ya lanƙwasa jan ya bi hannunsa kamar ya san shi. Sai ya kira 'yan dako biyu ya ce su ja. Baƙin ko gezau. Jan kuwa ya miƙe, ya yi ta miƙewa har ya tsallaka hanya, mai jakin itace ya tsaya yana jiran a ba shi wuri. Mutane suka fara taruwa, ƙirjin Zarami ya fara faɗi.

"Wannan na ban-ruwa ne, Malam," in ji Ɗanladi. "Masu lambun Bariki ke sayensa."

"Injiniya ake cewa."

"To, Injiniya, na ban-ruwa ne."

"Man gas ɗin tsakuwa ne? Ba zuba yake yi ba? Abin da ya ɗauki ruwan kogi da yashinsa, ɗan man da aka tace ne zai gagare shi?"

Ɗanladi ya ajiye tsohon kusa da jan, ya nuna masa cewa bakin jan ya ninka na tsohon, ba zai kama ƙarfen famfo ba. Zarami ya juya ga jama'a ya yi musu karatu: mota mai faɗin maƙogwaro ta fi shan mai, wadda ta fi sha ta fi gudu, kuma ba a taɓa ganin raƙumi ya sha ruwa ta kara ba. Wani mai tallar rake ya ce wallahi magana ce. Ɗanladi ya daina kallon Zarami, ya dubi mai motar ya ce, "Alhaji, motar taka ce." Alhaji Fannami kuwa tun daga gida duk wanda suka gamu da shi sai ya shaida masa cewa yana tafe da injiniyan da Turawa suka yi kuka ranar rabuwa da shi. Ya dubi taron, ya dubi jan tiyon mai sheƙi, ya ce a naɗe shi dukansa, ya ma fi tsawo.

A gida, zobban ƙarfen da ke matse tsohon tiyon suka ƙi shiga sabon. Zarami ya ce dama zobba aikin ragwaye ne, ya sa aka jiƙo kaba, ya ɗaure bakin tiyon kamar mai ɗaurin jinka. Shu'ibu ya yi ta danna hannun famfo har iska ta fita, aka tura, motar ta tashi. Ƙarya ma ai tana fure. Ran Laraba Zarami ya sa aka zagaya gari da motar sau bakwai, yana tsaye a kan matakala yana ɗaga sifana, har ya sa aka tsaya a ƙofar Ya Gumsu ya aika a tambaye ta lafiyar gugarta. Ta aiko masa da cewa guga ma kwana biyu ta yi.

Ran Alhamis bayan asuba aka loda kwanduna har suka yi tozo, aka rufa da tabarmin kaba. Zarami ya zauna gaba tare da Alhaji da direba. Ya Gumsu da ƙawarta Hajo, mace mai harshe kamar aska, suka maƙale a can wutsiyar mota bayan kaya. Jirgi zai tashi bayan la'asar, lokaci ya wadata.

Da hantsi, a gefen wani tafki inda masunta ke shanya koma, motar ta yi tari sau uku ta mutu. Shu'ibu ya leƙa ƙasa, sannan ya matsa ya ba Injiniya wuri. Jan tiyon ya kumbura ya yi tumbi. Wani tsohon masunci da ya durƙusa yana kallo ya ce tun da yake bai ga mesa ta haɗiyi agwagwa a ƙarƙashin mota ba sai yau. Zarami ya bayyana musu cewa wannan ƙoshi ne, alamar tiyon ya saba da man. Ya kama shi don ya nuna ƙarfinsa, rabin ya biyo hannunsa, ya naɗe masa a yatsu kamar danƙo.

Ya Gumsu ta sauko. Ba ta ce na faɗa ba, ko da yake Hajo ta ce a madadinta, sau biyu. Ta nuna wani mai keke da ke wucewa, ta ce a roƙe shi ya je wurin Ɗanladi ya karɓo baƙin, kafin azahar ya dawo, a ɗaura, a isa da sauran rana. Shu'ibu ya gyaɗa kai. Zarami ya ga gidan gyaran motocin En'e yana narkewa kamar abin da ke yatsunsa. Ya ce muddin wannan ƙeƙasasshen abu ya shiga motar nan, shi ya cire hannunsa, Alhaji ya je ya gaya wa mutanen Haɗeja cewa mai banda ce ta gyara masa mota. Alhaji ya yi ta jan carbi. Mai keke ya wuce.

Zarami ya naɗe ƙafar wando ya shiga tafki, ya tsinko karan bado, wanda yara ke zuƙar ruwa da shi. Ya ce Allah ya yi tiyo tun kafin a haifi Bature. Da aka ɗaura, Shu'ibu ya ce bari ya danna famfo iska ta fita, Zarami ya ce wannan hanyar 'yan koyo ce, ƙwararru da baki suke yi. Ya kafa baki ya zuƙa da ƙarfin mai neman muƙami. Man ya zo gaba ɗaya. Masunta goma sha biyu na kallonsa, tofarwa kuma amsa laifi ce, don haka ya haɗiye. Ya miƙe idanunsa na zubar da hawaye, ya shaida wa Alhaji da wata siririyar murya cewa man nan mai kyau ne, ba a gauraya shi ba. Karan bado ya kai su daidai tsawon da mutum zai karanta Fatiha, ya motse, motar ta mutu. Masuntan ba su ko ɗauke komarsu ba, suka tako suka iske su, suka ci gaba da kallo daga inda suka tsaya.

Da taimakon masuntan da wasu Fulani masu wucewa aka tura motar zuwa wani ƙauye da ke cin kasuwa. A rumfar mahauta Zarami ya ga maƙogwaron bunsuru rataye, da zobba-zobba a jikinsa, sai hankalinsa ya tashi. Ya ce ga shi nan, wannan ne ainihin abin da Turawa suka kwaikwaya suka kasa. Ɗaya bai kai ba, aka haɗa biyu da guntun kara a tsakiya. Mahaucin ya tambaya ko a haɗa masa da yaji. Hajo ta ce a bari tukuna, ai bai dahu ba.

Ba ta yi ƙarya ba. Maƙogwaron ya bi ta kusa da salansa, kafin a yi mil ɗaya ƙamshin gashi ya cika hanya. Karnukan kasuwa suka biyo baya, da farko uku, daga baya aka daina ƙirga. Shirwa biyu suna shawagi a sama. Zarami ya leƙo ta taga ya ce wa Alhaji ko dabbobi sun san ana tarihi. A wani rairayi motar ta rage gudu, wani jan kare mai yankakken kunne ya kutsa ƙarƙashi, ya fito da aikin injiniya a baki, sauran suka rufa masa baya zuwa cikin gonaki. Zarami ya bi su da sifana, kwat na tashi, ya dawo da ƙaya a ƙafa da takalmi ɗaya.

Azahar ta yi. Alhaji ya fara kiran Zarami da sunansa kawai. A nan Shu'ibu ya yi doguwar maganarsa ta ranar. Ya ce akwai dabarar da direbobi kan yi in sun maƙale: a zuba mai a garwa, a ɗaure ta a kan rufin gaban mota, a rufe bakinta, a saƙalo tiyo daga sama man ya gangaro da kansa. Ragowar jan tiyon da ba a taɓa ba zai iya 'yan sa'o'i kafin ya narke. Zarami ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan, sai dai direba ya yi kuskure a wuri ɗaya. Rufin gaba ya yi ƙasa. Gwargwadon tsawo gwargwadon ƙarfin gangarowa, don haka a ƙolin kaya za a ɗora, shi da kansa zai hau ya riƙe ta tsakanin gwiwoyinsa. Murfi kuma ba ya da amfani, mai yana son iska. Abin da bai faɗa ba shi ne cewa daga ƙolin kaya duk Haɗeja za ta gan shi.

"Ka ɗora wa kanka, ɗan Mairam," in ji Ya Gumsu. "Kada ka ɗora wa kifinmu."

"Ya Gumsu, lokaci ya ƙure," in ji Alhaji, bai dube ta ba. "Koma wurinki."

Ta koma. Daga wutsiya ba a ganin abin da ke faruwa a ƙoli, warin mai kuwa tun safe ya cika hancin kowa. Motar ta tashi da lafiyarta, domin dabarar Shu'ibu ce, Zarami ya karɓi yabon daga sama. Kowane gargada garwar sai ta yi tsalle ta tofar, tabarmar kaba ta shanye ta miƙa wa na ƙasa. Zarami ya gani, ya ce a ransa ɗan wannan rana za ta busar.

Hanya ta bi ta gaban rumfar Ɗanladi. Ya Gumsu da Hajo suka yi ta dukan katakon mota suna kiran a tsaya a ɗauki baƙin tiyon, Zarami ya buga rufi ya ce direba ya ƙara wuta ya kuma yi oda. Ya saki hannu ɗaya ya sara wa kasuwa irin ta soja, garwar ta karkata ta yi tata gaisuwar. Ɗanladi ya bi jan tiyon da ido yana lilo a iska, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya koma kan kujerarsa.

Da suka hango Malam Madori, hayaƙin jirgi na tashi, bai tafi ba. Tasha cike da mutane, dukansu sun juyo suna kallon motar da mutum ke zaune a ƙolinta. Wannan ita ce ranar da Zarami ya yi shekara goma yana jira, ba ranar ɗaga hannu ɗaya ba ce. Ya ɗaga biyu. A daidai nan ƙafar mota ta hau ƙarfen dogo. Garwar ta kife, abin da ya rage a ciki, kuma da yawa ya rage, ya bi tsakiyar kaya ya nutse. Inji ya mutu, amma gangara ta ja motar a hankali har ta tsaya gaban sikeli. Zarami ya tuɓe kwat ya shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen wurin, ya sauko, ya sanar da jama'a cewa da gangan ya kashe injin daga nesa, wai haka manyan direbobin soja ke shiga gari. Wasu suka tafa. Alhaji ya dawo kiransa Injiniya.

Zarami ya hau kan wani buhu ya fara ba da labarin tafiyar, ya kai wurin da ya kori kuraye da sifana, sai Usman sarkin dillalan kifi ya sa aka sauko da kwandon farko. Ya ɗaga tabarma, ya ja baya, ya ɗauki tarwaɗa ɗaya tana ƙyalli, ya kai hanci.

"Wannan kifin a tanki aka kama shi?"

Zarami ya sauko daga buhu a hankali, amma bakinsa bai taɓa yashe shi ba. Ya ce abin tausayi ne yadda ilimi bai iso nan ba. Wannan sabon magani ne na ƙwari, da gangan ya yayyafa, kuma a ƙasashen waje kifin da ba a yi wa haka ba ba ya hawa teburin Gwamna.

"Ashe abincin manya ne," in ji Usman. Ya miƙa masa tarwaɗar da hannu biyu. "To bismilla, Injiniya. Mu talakawa sai mun ga an fara."

Zarami ya dubi Alhaji, Alhaji ya gano wani abu mai ban sha'awa a tafin hannunsa. Jama'a suka yi da'ira. Zarami ya gutsura, ya tauna, ya ce akwai ɗan ɗaci na farko, irin na goro, sai an saba. Usman ya ce wannan ƙarama ce, ba ta isa shaida ba. Hajo ta kutsa ta zaɓo masa wata ƙatuwa daga inda man ya fi taruwa, ta ce Injiniya bai karya ba tun safe sai da ɗan abin sha. Ya ci ta biyu, gumi na tsatsafo masa, yana cewa a hankali daɗin ke fitowa. Wata bafatakiya daga Kudu ta sa tafinta ya tambaye shi ko a kawo ashana.

Ya Gumsu ba ta cikin masu dariya. Tana can wutsiyar mota, ta gano kwandunan baya man bai kai su ba, wajen kashi ɗaya cikin uku. Ta kira 'yan dako, duk suna da'ira suna kallo. Ta ja kwando ɗaya da kanta har gaban fatake, ta buɗe ta ce su sansana. Amma magana ta riga ta zaga cewa kifin Tudun Gargaza na mai ne, kuma babu falken da zai haɗa kayansa da abin da zai iya ɓata tarago guda. Sun riga sun cike gurbin da bandar mutanen Guri. Tana tsaye riƙe da kifi mai kyau a hannu jirgi ya yi kuka, ya ja jiki.

A kan tarwaɗa ta uku ne cikin Zarami ya ba da shaidar da bakinsa ya ƙi bayarwa, a gaban sikeli, a gaban dillalai, a kan takalminsa ɗaya da ya rage. Alhaji Fannami ya shaida wa duk mai son ji cewa shi tun farko bai yarda da mutumin nan ba. Ran Asabar ruwan farko ya sauka.

Sai ka zaci daga nan Zarami ya bar gari. Kwana huɗu ya yi a kwance. A na biyar ya fito majalisa, ya rame, ya bayyana cewa ya yi nazarin abin da kyau: kifin da ya bandu sosai ba ya shan mai, man zamewa yake yi. Tunda wannan ya sha, ke nan matan ne suka yi gaggawar sauke shi daga wuta. Wani ya ce lalle bana hayaƙin bai kai na bara ba. Wani ya ce dama mata in an sakar musu aiki haka suke. Shu'ibu yana wurin, ya buɗe baki, ya dubi Alhaji, ya rufe. Kafin damina ta yi tsakiya, abin da ake faɗa a ƙauyukan fadama shi ne matan Tudun Gargaza sun ɓata kifinsu, har sun jawo wa wani bawan Allah ciwon ciki garin rufa musu asiri.

Ku da kuka saurara, kun yi dariya, kuma ya cancanta. Yanzu ga abin da nake roƙonku. Irin wannan majalisa ta kwana na biyar tana zama a garinku, wataƙila a makon nan, a ɗauki laifi daga kan wanda ya yi a lallaɓa a aza wa waɗanda suka yi asara. Kada ku jira a tashi ku yi gunaguni a hanya. Ku tsayar da maganar tana da zafi, ku miƙe, ku faɗi sunan wanda ya hau saman kayan.